Sada, Wanda Ya Guje wa Kwaroron Roba Har Bakin Zobe

A duk danginmu babu wanda ya taɓa ƙular da ni kamar Sada, kuma babu wanda zan iya rantsuwa a kan kirkinsa in ba shi ba. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne, don haka tun muna yara nake da izinin gaya masa abin da ko wadda ta haife shi ba za ta iya ba. Ni ce Mas'uda, mai tuwon bakin tasha a Dutsin-Ma, kuma ban iya barin magana a ciki ba. Shi kuwa tasa maganar ba ta fita sai an matse shi, in an matse ɗin ma rabi ake samu.

A wata ruga aka haife shi, gefen Birchi ta ƙasar Kurfi. Fulani ne mu a suna. Fillancin ya tafi tare da kakanninmu, abin da ya rage mana gaisuwa ce da sunayen shanu. Kunya ce dai ba ta tafi ba, ita kuma da aka zo rabo Sada ya kwashe tasa ya haɗa da tawa. Tun yana yaro ba ya cin abinci a kasuwa ko yunwa za ta kayar da shi. In mace ta gaishe shi a hanya, ƙafarsa yake amsa wa. Shekarar da ɓarayi suka kora shanun gidansu kaf, babu wanda ya ga hawayensa. Ya share garken, ya samo 'yan tumaki ya ɗaure a wurin, ya fara daga nan.

A kan tumakin ne ya yi suna. In haihuwa ta gardama wa tunkiya, daga ƙauyukan kusa Sada ake kira. Zai naɗe hannun riga, ya shafa mai, ya sa hannu ya juya ɗan ya fito da shi da rai, yana yi yana bayani dalla-dalla ba ko gezau. Maganar barbara da ciki da mahaifa duk ya iya ta, muddin mai ƙafa huɗu ake nufi. Da zarar zancen ya koma kan ɗan Adam sai ya tuna bai ba dabbobi ruwa ba.

Da ƙuruciya ta fara wucewa ya shiga ɗaukar karatun littattafai a zauren Malam Ubaidullahi a Kurfi, a can ya ga Batula, 'yar Malam ɗin. Ya daɗe yana ramewa kafin na gane abin da ke cinsa. Ni na kai saƙo, ni na kawo amsa, ni na zauna tsakaninsu ranar zance ina yi masa magana ina yi mata, su biyun suna kallon tabarma. Yarinyar tana sonsa, wannan ba a ɓoye yake ba. Bayan an ɗaura aure ya je gaida Malam, yana durƙushe kunama ta harbe shi a diddige. Bai motsa ba har Malam ya gama doguwar nasiharsa ya shafa fatiha. Sai da ya fita ya sha kwana sannan ya faɗi. Dangi suna ba da labarin nan da alfahari. Ni dai tun ranar na san wata rana halin nan zai ja mana abin da ya fi kunama.

Zamansu ba a taɓa jin kansu ba, ko da yake da me za a ji mutanen da ba sa magana? 'Ya'ya biyu na farko a gida Batula ta haife su lafiya. Na uku ya zo a gicciye, aka yi mata aiki aka ciro shi. Ba ta yaye shi ba wani cikin ya shiga, abin da mata ke kira kwanika suna rufe baki. Cikin nan ya zo da hawan jini, ƙafafu suka kumbura, ranar da naƙuda ta taso ta kama jijjiga. A bayan motar ɗaukar hatsi aka kawo ta asibiti a Dutsin-Ma, aka sake yanka ta a kan tsohon ɗinkin. Allah ya yi da sauran kwana, ita da jaririyar suka tashi. Aka sa wa yarinya Hamdiyya.

Da yake a garin nake, ni na yi jinya. Sada kuma a zauren gidanmu yake kwana, da safe ya tafi asibiti ya tsaya a bakin taga. Ranar sallama wata nas ta zauna a gefen gadon ta yi wa Batula magana a gabana, ba kwana-kwana. Ta ce mahaifar nan an ɗinke ta sau biyu, in ciki ya sake shiga kafin shekara biyu tana iya fashewa, kuma ba kullum ake kawo mutum a kan lokaci ba. Ƙwayoyin da ake sha kullum ba su dace da jininta ba. Allurar tazara kuwa Batula ta taɓa yi, jini ya ƙi ɗauke mata har ta rasa gane ranar salla da ranar hutu, ta ce ba ta ƙarawa. Ashanar da ake sawa a damtse ma ta ce tsoron jinin take ji, wadda ake sawa a mahaifa kuwa ta ce a bar ta ta huta da hannun mutane tukuna. Nas ɗin ba ta matsa mata ba. Ta ce to akwai kwaroron roba, shi ba a sha ba a tsirawa, maigida ne zai sa, kuma likita ya kira shi ofis ya yi masa bayani ya ba shi.

Na leƙa na ga Sada ya fito daga ofishin likita da baƙar leda, ya tura ta cikin aljihun gaba ya dafe da hannu. Na ce a raina alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe ban san taubashina ba.

Batula ta yi jegonta a Kurfi wurin mahaifiyarta, har aka gama girbi sannan ta koma ɗakinta a Birchi. Satin da ta koma, satin Sada ya kwashi tumakinsa ya nufi bakin dam ɗin Zobe, wai ya sami fili zai yi noman rani. Mutumin da bai taɓa dasa ko barkono ba. Ya kafa bukkar kara a gefen tumatir ya tare. Ranar Juma'a yakan zo gida da kwandon kayan miya da kifi, ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ɗauki Hamdiyya ya yi mata wasa, ya ci tuwo a tsakar gida, kafin la'asar ya hau babur ya koma. Mutane suna ta sa masa albarka, wai ga mai neman na kansa.

Wata rana Batula ta kawo yarinyar rigakafi ta biyo ta wurina. Na ga wuyanta ya fito, ido ya faɗa. Na zuba mata tuwo ta juya cokali kawai.

"Ke mi ke damunki?" na tambaye ta. "Jinin ne?"

"An gwada, ya sauka."

"To shi mutumin naki fa?"

"Yana aiko da komi, Yaya," in ji ta. "Ba mu rasa komi ba."

Ta faɗi haka tana gyara goyo, na kuwa ji maganar ba ta zauna mini ba. Macen da ba ta rasa komai ba ba ta faɗinsa da irin wannan murya. Amma cinikin rana ya taso, masu mota suna ta miƙo kwano, na bar ta ta tafi ban tona ba.

Abin da ya tona shi shara ce. Na shiga zaurenmu ina kakkaɓe yana, tsintsiya ta taɓo wata baƙar leda da aka cusa tsakanin azara da kwanon rufi. Na buɗe na ga kwalayen kwaroron roba sababbi, ko ɓarewa ba a yi ba. Mijina Labaran direba ne, yana jigilar Katsina. Kada ku tambaye ni abin da na ayyana. Kwana da kwanaki ina ba bawan Allahn nan tuwo ba man shanu, yana gaishe ni ina amsawa da hanci, har ya gaji ya ce in faɗi laifinsa. Na dire masa ledar a gaba. Ya duba, ya dube ni, ya yi dariya har da tari.

"Ke da hankalinki," ya ce. "Wa ya kwana zauren ga da damina?"

Wato Sada ya fito daga ofishin likita, ya zo gidana, ya taka buhun masara, ya ɓoye maganin ran matarsa a cikin rufina, ya kama hanyarsa. Saura kaɗan ya kashe mini aure a kan abin da ko gani ban taɓa yi da idona ba sai ranar. Haushin bai gama sauka ba sai ga saƙo daga Kurfi. Batula ta je ganin gida ta ƙi komawa, Malam kuma ya ce Sada ya zo da wani nasa a zauna. Kowa ya san abin da irin wannan zama yake haifarwa.

Washegari na bar wa maƙwabciyata tukunya, na hau acaba har bakin Zobe da ledar a jakata. Na same shi tsugune yana gyara tiyon injin ban-ruwa, ya yi baƙi ya bushe, gemu duk ya hargitse.

"Mas'uda? Lafiya kika tako har nan?"

"Amshi kayanka da ka manta gidana."

Na jefa masa ledar a cinya. Ya zabura ya kakkaɓe ta kamar na jefa masa garwashi.

"Don Allah aje shi can. Mutane na gani."

"Su wa? Tumatir?"

Na tsince ta na mayar jaka, ya ja ni bakin bukka, ya shimfiɗa mini buhu, ya kawo ruwa. Duk ladabin nan na san na kauce wa magana ne, na ƙi sha. Na ce ba na tashi sai ya gaya mini abin da ya kore shi daga ɗakin matarsa. Ya tsinke kara ya karya, ya sake karyawa, har na fara tunanin in kama kunnensa kamar da.

"Ke ba ki gan ta ba sadda aka fito da ita daga ɗakin aiki?" ya ce a ƙarshe. "Ni na gan ta ta taga. Leɓonta fari fat. Na ce ma Allah in ya tashe ta, ba ni ƙara zama sanadi."

"Madalla. Ai shi ya sa likita ya ba ka abin ga."

"Mas'uda, ɗiyar Malam ce. Da alwala take kwana. Abin ga kau kowa ya san masu aiki da shi, 'yan bariki ne da direbobi."

"Mijina direba ne, ka iya bakinka."

"Ba haka nake nufi ba. In shiga da shi ɗakinta in ce mata mi? In ce na maishe ta wa? Gara in yi nisa. Shekara biyu ba ta da yawa."

"Ka gaya mata haka?"

Ya dube ni da mamaki, wai ni ce na faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba. "Ya za a yi in faɗi?"

Gaskiya tausayinsa ya ɗan taɓa ni, don mutumin yana son matarsa har ya zaɓi sauro da bukkar kara a kan ya cuce ta. Tausayin bai daɗe ba. Ina ɗaga kai na ga ragonsa yana bin tumaki da wani abu yana reto a ƙarƙashin cikinsa. Tsohon buhu ne aka yanka aka ɗaure masa da igiya ta gadon baya, ya rufe gabansa. Na tambayi Sada mene ne wannan kuma.

Nan take bakinsa ya buɗe. "Dabara ce na yi. Tumakin ba su daɗe da haihuwa ba, in ya hau su yanzu suka ɗauka, lalacewa za su yi. In na raba shi da su kuma ba ya cin abinci, su ma sai su yi ta kuka. Shi ne na ɗaura mashi, yana cikinsu amma ba abin da zai faru."

Na tsaya ina kallonsa ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Yana ma shirin nuna mini yadda ya ƙulla igiyar.

"Sada," na ce, "tunkiya ka san in an raba ta da rago tana kuka. Ita Batula itace ce?"

Ya kawar da kai daga ragon. Na gaya masa saƙon Malam, ashe ya riga ya samu. Na ce to in Malam ya ce ka sawwaƙe mata fa, me za ka ce? Ya sunkuyar da kai ya ce sai abin da Malam ya gani. Wato zai saki matar da yake so, uwar 'ya'yansa huɗu, a kan ya furta sunan roba a gaban surukinsa. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa ranar zaman ni ce wani nasa, kuma in ya ga dama ya zo da bakinsa, in bai ga dama ba na zo da nawa.

Ranar muka isa Kurfi bayan azahar. Malam Ubaidullahi yana zaune a kan buzu a zaurensa, an sallami masu karatu. Sada ya tuɓe takalmi tun daga waje ya rakuɓe a jikin bango. Ni na zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, Batula tana bayan labule kusa da ni, ina jin numfashinta.

Malam ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Sada, ba a kawo mani ƙarar ci ko sha ko tufa ba. An ce tun da yarinyar ga ta koma ɗakinta ba ka kwana gidan ba. Shari'a ba ta yarda a rataye mace ba, ita ba mai miji ba, ita ba sakakka ba. In ka gaji ka faɗi, a rabu da mutunci. In kau akwai dalili, ina saurare."

"Allah shi gafarta Malam," in ji Sada. Ya kama bakin tabarma yana tsinka, gumi yana bin wuyansa. Malam ya jira, ya ja carbi, ya sake jira. Na ga ya gyara zama ya buɗe baki, na kuwa san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

"Allah gafarta Malam, a yi mani izini," na ce.

"Bismilla, Mas'uda."

Na zayyana komai, tun daga maganar nas har bukkar Zobe. Da na zo kan abin ban yi masa laƙabi ba, na ce kwaroron roba, da ƙarfi yadda na saba kiran cefane. Sada ya janyo hula ya rufe ido. Ni kaina na ji kunnuwana sun yi zafi, amma wani dai sai ya faɗa.

Malam ya ajiye carbin. "Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan, Malam."

"La ilaha illallahu. Sada, ba a gabanka muka karanta babin azalu ba? Tun zamanin Sahabbai mutum kan kauce don kada ciki ya shiga, ba a hana ba. Malamai da dama sun aza wannan bisa wancan, balle ga lalura, likita ya ce rai na cikin haɗari. Abu ba ya zama ƙazanta don fasiƙi ya riƙe shi. Sharaɗin dai matar ta yarda, don haƙƙinta ne. Ka tambaye ta?"

Sada ya girgiza kai.

"In ni kake jin nauyi, ba ni kaɗai ne malami a Kurfi ba." Malam ya miƙe ya ɗauki butarsa. "Ni za ni masallaci. Ga ka ga ta. In na dawo a gaya mani ko da aure ko babu."

Yana fita Batula ta ɗaga labule ta shigo da Hamdiyya a baya. Ba ta dubi mijinta ba. Ta zauna ta fuskance ni, shi yana gefe, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

"Yaya Mas'uda, ki gaya mashi na san likita ya ba shi abin. A gabanki aka faɗa mani. Na koma ɗakina ina jira ya fiddo, sai na ga ya ɗaure kaya. Ki tambaye shi mi zan ɗauka? Ga hanya an ba mutum, ya bar ta ya zaɓi daji. Ai ni ce ba a so."

"Ka ji," na ce wa Sada.

"Ki gaya mata ni mutuncinta na duba," ya ce da tabarma.

"Ta ji, ba kurma ba ce."

Batula ba ta tsaya ba. "Ki gaya mashi ni aka kwantar bisa tebur ba zane, maza na tsaye kaina, har sau biyu. Ban mutu da kunya ba. Shi magana guda ce ta gagare shi."

Na zaro ledar daga jaka na ce to ga abin nan, a yi haƙuri a koma gida. Batula ta ce ba ta so. Dama Labaran ya gaya mini robar da ta yi watanni tana gasuwa a ƙarƙashin kwano ba abin yarda ba ce, tana iya yagewa, amma ita ba wannan ne dalilinta ba.

"Ba na likita ba, ba naki ba," ta ce. "Ya tashi ya je kemis ya sawo da bakinshi. Nan Kurfi, yanzu da rana. In ya kasa, Malam na dawowa ya ba ni takardata."

Ban taɓa sanin yarinyar nan tana da wannan ƙarfin rai ba. Sada ya dubi ƙofa. Sannan ya miƙe, ya fita, ya sa takalmi. Na bi shi a baya da 'yar tazara, don ban yarda kada ya zarce Zobe ba. Ya wuce kemis na farko saboda akwai masu hira a benci. Ya wuce na biyu ban san dalili ba. A na uku ya tsaya, ya juyo ya gan ni tsaye riƙe da ƙugu, ya shiga.

Daga bakin ƙofa na ji shi. Da farko mai kemis ya ce bai ji ba, ya ƙara faɗa. Sada ya share gumi ya maimaita, har ƙarshen kalmar. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba. Ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko kwali, ya juya ya duba ranar lalacewa, ya ce kowane ɗaya sau ɗaya ake amfani da shi, kada a shafa masa man shafawa ko man gyaɗa don suna cinye robar, a ajiye a inuwa. Ya ƙulle a leda ya juya wurin wata tsohuwa mai neman maganin tari. Ko shan kofin ruwa ya fi abin daɗewa. A kan wannan ne mutum ya yi rani guda a bukka, matarsa ta rame, ni na hana mijina man shanu. Da ba a titi muke ba da na rankwashe shi.

Da muka koma, mahaifiyar Batula ta ba su ɗakinta ta ja jikokinta waje. Na raka shi har ciki don kada ya maƙale a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya ajiye ledar a gaban Batula. Ta dube ta, ba ta taɓa ba.

"Riƙe abinka, kai za ka sa," ta ce. Wannan karon shi ta gaya wa, ba ni ba.

Ta kwance goyo ta miƙo mini Hamdiyya. Sannan ta sassauta zane ta ɗaga gefen rigarta. Ni na yi jinyar ɗinkin nan, na san yadda na bar shi ya kame tsaf. Yanzu wurin ya yi baƙi ya saɓule, gefe ɗaya ɗanye yana ruwa.

"Subhanallahi, ke mi ya same ki?" na ce.

"Man bilicin ne, da lemun tsami, da wani haɗi da aka ba ni." Idonta yana kan Sada. "Na zaci tabon kake ƙyama. Na ce ko in ya goge ka dawo."

Sada bai sunkuyar da kai ba. Ya kalli wurin sosai, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi wa mutum ba, har hawaye suka gangaro cikin gemunsa bai share ba. Ya miƙa hannu ya tsaya kafin ya taɓa.

"Yana maki ciwo?" ya ce.

"Sai yau ka tambaya," in ji Batula.

Na saɓa yarinyar a kafaɗa na fita, na sake musu labule.